Likita ya ce kifi, Hajiya ta ce soyayye, ni kuma ina tsakiya

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Katsina ce aure ya kawo ni Jidda, muna zaune shagga ɗaya, wato sashen gidan bene, da maigida da mahaifiyarsa da ɗanmu mai shekara 3, kuma yanzu haka ina da ciki wata biyar. Kwanaki maigida ya je asibiti aka ɗebi jininsa, likita ya ce kitse ya yi yawa a jinin kuma ga hawan jini ya fara, ya rage jan nama da soye-soye da gishiri, ya riƙa cin kifi sau biyu a sati. To Anti ni kifin da na sani tarwada ne da karfasa da banda sai titus na ƙanƙara, na nan kuwa ko sunansu ban iya riƙewa ba. Ya kawo wani mai launin shuɗi da kore na zuba a miya duk ya narke ya zama fate, Hajiya, mahaifiyar tasa, ta leƙa tukunya ta ce wannan ai abincin majinyata ne, ta aika aka siyo mata soyayye a waje, shi ma ya ture nawa ya ci nata. Hajiya a Makka aka haife ta, ita a wurinta kifi in ba a tsoma shi cikin mai ba to ba kifi ba ne, kuma gaskiya ta iya sayadiyya, shinkafar kifinsu, sosai amma ba ta taɓa ce min zo ki gani ba, ni kuma ina jin nauyin tambaya. Na sake gwadawa na gasa a furun, wato oven, ya bushe ƙayau, gidan ya kwana biyu yana ƙarni ni da kaina sai da na yi amai. Ga yaro ƙaya ta taɓa maƙale masa, Allah ya taimaka ta fita, tun ranar Hajiya ta hana a ba shi. Shi kuma maigida in ya tashi najil yake siyowa, wani kifi mai tsada, kuɗin cefanen sati ya tafi a rana ɗaya. Na yi masa magana ya ce in daina haɗa shi da tsohuwa. Wata ƙawata kuma ta ce mai ciki ba ta cin kifin teku sam. Wallahi tsoro nake ji, mahaifinsa hawan jini ne ya yi ajalinsa. In ƙyale su ne in zuba ido, ko ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya raba lafiya ya ba maigida sauƙi. Na karanta wasiƙarki kuma abin da ya fi tsaya min a rai ba miyar da ta narke ba ce, wannan layin ne na ƙarshe da kika ambaci mahaifinsa. Tsoronki yana kan hanya, kuma duk macen da za ta tsaya gaban furun da cikin wata biyar tana amai saboda lafiyar miji ba ta cancanci a ture mata kwano ba. Abin ya yi zafi, na sani. Amma kar ki ƙyale su, kuma kar ki ci gaba da yadda kike yi, domin yanzu ke kaɗai ce kike ɗauke da maganar likita a gidan, mai ciwon ya zame, ita kuma Hajiya ba ta ji daga bakin likita ba, ba ta ji daga bakin ɗanta ba, a tukunyarki ta gani. Ki duba ta ɓangarenta mana. Mace ta rayu shekaru tana soya wa ɗanta kifi yana lasar yatsa, rana ɗaya sai ta ga suruka ta canza girki ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, me za ta ɗauka in ba cewa ana nuna mata nata bai yi ba? Ba ina wanke ta ba ne, maganar abincin majinyata bai kamata ta fito daga bakin babba ba. Sai dai ki tuna ita ce ta binne miji da wannan ciwon, kuma tsofaffi da yawa in suna tsoron abu ƙin ambatonsa suke yi, su yi ta ciyar da ɗansu abin da yake so don su ga alamar yana nan lafiya.

Saboda haka da maigida za ki fara, tun kafin ki sake taɓa kifi. Ba a gaban Hajiya ba, ba lokacin da abinci ke gabansa ba, kuma ba da sigar ƙorafi a kan mahaifiyarsa ba don da ya ji sunanta zai toshe kunne, kin riga kin gani. Ki same shi da daddare hankali kwance ki ce masa, Abban wane, ni ba na son shiga tsakaninka da Umma, alfarma ɗaya nake nema, ka ɗauki takardar gwajin nan ka nuna mata da kanka ka faɗa mata abin da likita ya ce, in ma da hali ka tafi da ita ranar da za ka koma. Shikenan. Ciwon a jikinsa yake, uwar kuma tasa ce, magana ɗaya daga bakinsa ta fi girkinki na wata guda tasiri a wurinta. Kuma ki tambaye shi cikin raha me yake ci da rana a wurin aiki, domin ina kyautata zaton kabsa da mandi, shinkafarsu mai nama, da burost, soyayyar kaza, da shawarmar da ake ci a waje kullum sun fi soyayyen kifin Hajiya na ranar Juma'a yi masa illa. In ana yaƙi a kan kifin gida alhali kullum yana cin kaza soyayya da lemon kwalba a waje, to an bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu bari mu zo kan kifin, don a nan ne nake so ki daina zargin hannunki. Wancan mai shuɗi da kore harid ne, namansa laushi gare shi sosai, duk wadda ta jefa shi a miya ta bar shi yana tafasa kamar yadda muke yi wa tarwada ko banda to fate za ta kwashe ko da ita ce sarauniyar girki. Ba girki ne ba ki iya ba, kifin ne bai dace da tukunyar ba. Kifin Bahar Maliya kowanne da inda ya fi kyau. Hamur namansa kauri gare shi, ƙaya kaɗan, yana jure miya, kansa kuwa ba abin da ya kai shi daɗi a farfesu. Sha'ur fari ne mai ɗan tauri, yana kyau a gashi da siniya, wato a tiren furun, kuma bai kai najil tsada ba ko kusa. Bayad ma yana riƙe jikinsa a miya. Kana'ad, wanda za ki ji wasu a nan suna ce masa dirak, shi ne ake yankawa fale-fale da ƙashi ɗaya a tsakiya. Arabi yana da maiƙo, gashi ya fi karɓarsa. Sijan ƙarami ne mutanen Jidda suna son sa, amma ƙayoyin bayansa suna da dafi, in ya soke ki za ki ji a jikinki, ki bari a gyara miki shi a kasuwa. Karfasarki kuma tana nan, ki ce bulɗi za a ba ki, tarwada kuma garmuɗ suke ce mata duk da ba ko'ina ake samunta ba don 'yan ƙasa ba su damu da ita ba.

Ga kuma abin da zai ba maigida mamaki. Kifin da likitoci suka fi so mai irin matsalarsa ya ci shi ne mai maiƙo a jiki, saboda man nan da ake kira omega 3 da ke taimakawa wajen sauke wani nau'in kitsen jini kuma yana da amfani ga zuciya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kifi sau biyu a sati, kowane ci kamar giram 140 bayan an dafa, kuma aƙalla ɗaya daga ciki ya zama mai maiƙo. To najil da hamur fararen kifi ne marasa maiƙo sosai, suna da kyau, sun fi jan nama nesa ba kusa ba, amma wannan man ya fi yawa a sardin da baga da salmon. Baga kuwa ɗan uwan titus ɗinki ne da kika sani tun a gida, kuma shi da sardin suna cikin mafi araha a kasuwa, kuɗin najil guda zai siyo miki na sati da sati. Shi kansa titus ɗin ana samunsa daskararre a manyan kantuna. Kin ga kenan abin da aljihunku yake so shi ne abin da jininsa yake so. Najil ba haramun ba ne, a bar shi na ranar albashi ko ranar baƙi. Dama hukuma takan hana kama shi na kamar wata biyu daga farkon Afrilu lokacin da yake ƙwai, wanda za a gani a lokacin ko na waje ne ko ya daɗe a ƙanƙara, ga tsada ga ba sabo ba.

Sai maganar Hajiya, kuma a nan ina so ki ajiye nauyin nan da kike ji, matambayi ba ya ɓata. Ke da bakinki kika ce ta iya. Bayan ɗanta ya yi mata bayani, ki bar kwana biyu su wuce sannan ki same ta ki ce, Umma dan Allah ki koya min kifin bahar, ni a gida na kogi na sani, ina so ki nuna min yadda ake zaɓa da yadda kike sayadiyyarki. Kar ki haɗa da maganar likita a wannan zaman ko kaɗan. In ƙafarta tana da ƙarfi ki sa maigida ya kwashe ku ranar hutu da sassafe ku je Bangala, babbar kasuwar kifin nan ta bakin teku kusa da Balad, tsohon garin Jidda. Bayan Asuba ake gwanjon kifin da aka kamo, da hantsi kuma rumfuna sun cika, akwai sashen masu gyara da za ki biya kaɗan su kankare su fasa su yanka yadda kike so. Tsohuwar da ta tashi a Hijaz, yankin Makka da Jidda, in ta shiga wurin nan za ki ga ta canza, ta fara yi wa mai kifi ciniki da Larabci tana ɗaga wannan tana ajiye wancan, ke dai ki tsaya kusa ki buɗe ido. In ƙarni ba zai bar ki ki shiga ba saboda cikin, ki sa takunkumi ki ɗiga ɗan lemon tsami a ciki, ko ki bari su biyu su je, ba a rasa komai ba, uwa da ɗa sun fita siyo abin lafiyarsa tare.

Abin da za ki duba ba shi da yawa. Idon kifin ya zama garau a bulluƙe, ba wanda ya faɗa ciki ya yi hazo ba. Ki ɗaga murfin da ke gefen kansa ki ga jan abin nan na ciki da yake numfashi da shi, ya zama ja jawur, in ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka yana yauƙi ki ajiye. Ki danna bayansa da yatsa, in naman ya dawo nan take sabo ne, in ramin yatsarki ya zauna ya kwana biyu. Cikinsa kar ya zama a fashe, musamman sardin da baga da suke saurin lalacewa. Sannan ki sunsuna, sabon kifi warin ruwan teku yake, ba ya bugun hanci. Kuma ki kula da wanda aka binne cikin ƙanƙara, ba wanda aka shimfiɗa a sama ana yayyafa masa ruwa don ya yi ƙyalli ba. Abu ɗaya da mutane ke wasa da shi a garin nan shi ne zafi. A siyo kifi a jefa a but ɗin mota a wuce Balad siyayya a tsaya shan shayi, rana tana dukan motar. Baga da sardin da tuna in suka sha zafi wani sinadari yake taruwa a namansu wanda dahuwa ba ta kashe shi, mutum ya ci fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, ga ciwon kai da gudawa, sai a ce wai kifi ne bai karɓe shi ba. Ku tafi da kula da ƙanƙara, kifi ya zama abin ƙarshe da za a siya, daga nan sai gida. Wanda za a ci yau ko gobe ya shiga tallaja, wato firij, can ƙasa, sauran ki raba a leda daidai ci ɗaya ɗaya ki sa a firiza, mai maiƙo kar ya wuce wata biyu zuwa uku. Ranar da za ki dafa ki sauko da shi tallaja tun dare, kar ki bar shi a kan sink ya wuni yana narkewa.

Ƙarnin da ya hana ki sakat ma daga nan yake farawa. Kifin teku yana da wani sinadari a jikinsa da ke taimaka masa zama cikin ruwan gishiri, da ya mutu sai ƙwayoyin cuta su fara juya shi zuwa wannan warin, shi ya sa in kifi ya cika gida da ƙarni tun kafin ya hau wuta to ya daɗe ne. Tsami yana karya shi. Ki buɗe cikin ki kankare baƙar fatar nan ta ciki da jinin da ke kwance jikin ƙashin baya, ki goge da ɗan fulawa da lemon tsami ko khal, wato vinegar, yadda matan nan suke yi, ki ɗauraye ki tsane shi da tishu. Kar ki bar shi cikin lemon ya wuce minti 15 zuwa 20, in ya daɗe naman yana saki. Kayan ciki da ɓawo ki ƙulle a leda biyu a fita da su nan take, in ba mai fita ki jefa ledar a firiza sai an tashi zubar da shara. Ki rufe ƙofofin ɗakuna, ki buɗe tagar kicin ki kunna shaffaɗ, fankar da ke zuƙe hayaƙi, don mukayyif, wato AC, iskar cikin gida yake juyawa, shi ne yake raba warin ɗaki-ɗaki har labule. In kin gama ki tafasa ruwa da khal da ɗan kirfa na wasu mintuna, turaren wuta kuma sai iska ta fita tukuna, in kika sa shi a kan ƙarni haɗuwa suke su ba da wani abu daban. Kuma tsakani da Allah wankin kifi a watannin nan ba aikinki ba ne, a gyaro a kasuwa, abin da ya rage maigida ya naɗe hannun riga.

Na furun da ya bushe, daɗewa ya yi, ba wani abu ba. Mun saba da nama da kaza sai mu ba kifi awa guda, alhali shi minti 10 yake so ga kowane kaurin santimita biyu da rabi, wato kamar faɗin yatsu biyu in an ɗan matse, a wuta digiri 200. Sha'ur guda mai rabin kilo minti 20 zuwa 25 ya ishe shi, yankakken salmon ko hamur minti 12 ma ya yi. Ki fara kunna furun ya yi zafi sosai kafin kifi ya shiga. Ki tsaga jikinsa sau biyu ko uku kowane gefe, ki daka tafarnuwa da citta da kammun da kuzbara, wato cumin da coriander, da attaruhu da masoro ki kwaɓa da cokali biyu na man zaitun da lemon tsami ki cusa cikin tsagar da cikin cikinsa. Ki shimfiɗa albasa da tumatir da tattasai a ƙasan siniya ki ɗora shi a kai, ki rufe da gasdir, wato foil, rabin lokacin sannan ki buɗe ya yi ja. Ki sa cokali mai yatsu kusa da ƙashi, in naman ya yi fari ya rabu sala-sala ki sauke, kar ki ce bari in ƙara minti biyar don in tabbatar, wannan minti biyar ɗin ne yake kashe shi. Sannan ki tambayi Hajiya siniyar kifi da humar, wato tsamiyarmu ce dai, wadda ake jiƙawa a tace a dafa da soyayyar albasa da tafarnuwa a zuba kan kifi a sa a furun. Girkinsu ne na gado, ba soyayye ba ne, ba kuma wanda zai kira shi abincin majinyata. Ina ganin daga wannan za ku fara haɗuwa.

Miya kuma dabararta ɗaya ce, ki gama miyarki tsaf ta soyu ta nuna, sannan ki jera yankan hamur ko bayad a sama ki rage wuta ki rufe minti 8 zuwa 10, ba juyawa da ludayi, in kina so ta haɗe ki kama hannun tukunya ki girgiza a hankali. Ita kuwa sayadiyya sirrinta a albasar nan ne da ake soyawa har ta yi duhu da romon kai da ƙashin kifi da kammun da ake dafa shinkafar da shi, ba a tulin mai ba. Ana iya yin shinkafar yadda Hajiya take yi da mai cokali uku ko huɗu, kifin da za a ɗora a kai kuma a gasa maimakon a tsoma. A kawo dagus, markaɗen tumatir da yaji, da salatin ganyen jarjir da kokwamba a gefe, plate ɗin maigida rabi ganye, shinkafa daidai misali. In kuna da halin siyan tukunyar suyan nan ta iska, tana fitar da baga da sha'ur da ƙamas-ƙamas da shafin mai kaɗan, kuma tsofaffi da yawa da suka rantse ba za su ci ba sun dawo suna nema.

Gishiri ne nake so ki fi sa wa ido fiye da man ma, tunda akwai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce giram 5 a wuni, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma wannan ya haɗa da na cikin burodi da cuku da zaitun da komai. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, in kin jefa uku kin kuma barbaɗa gishiri kin gama da shi. Ki rage a hankali cikin sati biyu zuwa uku yadda harshe zai saba ba tare da an yi miki bore ba, ki cike gurbin da tsamiya da lemon tsami da baƙin lemon nan busasshe da daddawa da kayan ƙamshi. Kifin gwangwani ki zaɓi na cikin ruwa ki tsiyaye. Fasikh da muluha, kifin da ake tsumawa cikin gishiri, da maƙwabta 'yan Masar da Sudan kan kawo, a yi godiya a karɓa amma ba na maigida ba ne, ba kuma naki ba ne yanzu. Bandar da ake aiko miki daga gida ki riƙa sa ta don ɗanɗano a miyar kuka ko kuɓewa, ki ɗanɗana tukuna don wata da gishirinta take zuwa.

Ƙawarki kuma ta ji ƙarshen magana ne ba ta ji farkonta ba. Mai ciki tana cin kifi, ana ma so ta ci, kamar giram 225 zuwa 340 a sati, saboda yana taimakon ƙwaƙwalwa da idon jariri. Abin da ake gudu shi ne manyan kifaye masu cin 'yan uwansu masu daɗewa a ruwa, don su ne suke tara sinadarin makuri mai cutar da jariri a jikinsu, irin su girish, wato shark, da abu saif mai dogon baki kamar takobi da manyan tuna, kuma ni zan ce ki ajiye kana'ad manya ma har ki haihu ki yaye. Hamur sau ɗaya a sati ya isa. Sardin da baga da salmon da bulɗi da tarwada da jambari, wato jatan lande, duk naki ne in dai sun dahu har ciki, ɗanye ko mai rabin dahuwa kuwa babu ke babu shi. Ki ƙara tambayar likitar da kike awo wurinta don ita ta san jikinki. In kuma ranki ya ƙi kifin gaba ɗaya a wannan watan kar ki tilasta wa kanki, sau da yawa wanda ya huce aka yi sandwic da shi ya fi mai zafi shiga.

Yaro kuwa ina bayan Hajiya rabi. Tsoronta gaskiya ne, amma hana shi gaba ɗaya asara ce. Ɗan shekara 3 abin da yake buƙata kaɗan ne, kamar giram 30 sau biyu a sati. A ba shi tsokar hamur ko salmon ko bulɗi da aka cire wa ƙashi, ki zauna inda haske yake ki murmushe da yatsunki a faranti daban kafin ki haɗa da shinkafa, don da ƙaya ta shige cikin shinkafa ba za ki gan ta ba. Sardin da arabi a bar su sai ya girma. Dambun kifi ma hanya ce, ko ki niƙa ki mulmula da dankali ki gasa. Kuma ki miƙa wa Hajiya wannan aikin, ki ce Umma idonki da haƙurinki sun fi nawa, ke za ki riƙa duba masa, wadda ta hana in ta zama mai tsaro ba za ta sake hanawa ba. In Allah ya kiyaye ƙaya ta sake maƙalewa, kar a tura masa lomar tuwo ko burodi ko ayaba wai ta wuce da ita, hakan na iya ƙara cusa ta cikin nama, kar kuma a zura yatsa ana lalube. A kai shi sashen gaggawa. In numfashi yana yi masa wuya a kira 997, lambar motar asibiti, nan take, in tambaya ce kawai akwai 937 na ma'aikatar lafiya.

To in duk kin yi wannan Hajiya ta ce ita dai soyayye fa? Sai a soya mata. Ba ita likita ya yi wa doka ba, kuma ba aikinki ba ne ki tsare kwanon uwar miji. Kifi ɗaya, haɗin kayan ƙamshi ɗaya, yanka biyu su shiga kasko saboda ita, sauran su shiga furun, a kawo tare a tire ɗaya kar a ce wannan na wane ne. In maigida ya miƙa hannu ya ɗauki soyayye sau ɗaya a wata kar ki ɗaure fuska, abin da ake ci kullum ne yake gina ciwo ko ya rage shi. In kuma shi ne ya ƙi nuna mata takardar ya ƙi canza komai, ki nemi wanda yake jin maganarsa, yayansa ko kawunsa ko wani aminin da ya manyanta, ki faɗa masa damuwarki ba tare da kin kai ƙarar Hajiya ba. Kuma dan Allah ki riƙe wannan, kifi ba ya maye gurbin magani. In an rubuta masa ƙwaya ya sha a kan lokaci, ku siyi na'urar awon jini ta gida a kantin magani ya riƙa aunawa yana rubutawa, ya riƙa taka ƙafa bayan Isha ko a Kornish, hanyar bakin teku, ko a unguwa, ya koma a sake gwajin lokacin da likita ya sa masa.

Wannan satin abu biyu kawai nake so ki yi, maganar dare da maigida, sai kilo ɗaya na baga ko sha'ur madaidaici da za ki gasa da agogo a hannunki ranar da ba baƙi ba hayaniya. Bangala da sayadiyya su biyo baya in Hajiya ta sauko. Ki sake rubuto min in kun je, ina so in ji wane kifi ta zaɓa, ki kuma gaishe min da ita.